Ruwan da Na Ɗebo wa Hajiya Balaraba

A shekarar da annoba ta sa aka kulle masallatai, har muka yi sallar Idi a cikin ɗaki, ina zaune ne a Sri Petaling, wata unguwa a birnin Kuala Lumpur. Da sunan Allah nake fara wannan labari. Samari nake so su karanta shi, musamman masu shirin fita waje karatu.

Ni ɗan gidan malamai ne. Na iya ajami tun kafin in san boko, kuma a zauren mahaifina na yi karatun tsarki da salla. Gwamnatin jiharmu ce ta turo ni digiri na biyu. Da yake ina jan salla, hannuna kuma yana da kyau a allo, sai Hausawan benenmu suka riƙa kirana Malam. Na ji daɗin sunan nan fiye da kima.

Da kuɗin karatu suka daina zuwa, da ƙaramin abu na fara. Matan aure su aike ni kanti, in ɗora wani abu a kan farashi in yi shiru. Daga nan na ari sunan wani ina kai wa mutane abinci a babur, alhali bizar ɗalibi ba ta yarda da haka ba. Kullum ina gaya wa kaina lalura ce. A wajen kai abincin na haɗu da wani mai babbar mota da kowa ke kira Bos. Ya ce yana neman mai ƙarfi wanda ba ya yawan tambaya.

Aikin shi ne mu zaga ƙananan masana'antun da ke yi wa ƙarfe ado ya riƙa ƙyalli, mu kwashi durom-durom na gurɓataccen ruwan da suka gama aiki da shi. Doka ta ce a kai shi inda ake kashe masa dafi, amma can akwai tsada. Mu sai mu fita bayan gari, mu tuttule shi a wani tsohon rami cikin ciyayi. Da rana tsaka muke yi, domin kulle ya kori kowa daga titi. Sau ɗaya na tambayi Bos ko abin ba zai cuci wani ba. Ya yi dariya ya ce da harshen garin, "Boleh lah, ustaz," wato ba komai, malam. "Ai ƙasa tana shanye komai."

A gangaren ramin akwai lambun wani dattijo Bamalaye, da rijiya a cikinsa. Nan nake alwala in mun gama. Ruwan sanyi ƙalau, garai-garai kamar na tulu.

Ana nan sai famfo ya ɗauke a gari na 'yan kwanaki. Mutane suka fito da bokitai suna jiran tankar ruwa. Ni kuwa kasuwa na hango. Na roƙi dattijon, ya ce in ɗiba, ruwa na Allah ne. Na riƙa cika jarkoki ina sayarwa a benenmu. Ko da famfo ya dawo wasu ba su daina saye ba, domin ruwana ba ya warin magani.

Babbar mai sayena ita ce Hajiya Balaraba, mahaifiyar maƙwabcina Habibu. Ta zo ne wankan jegon matarsa, aka rufe iyaka, ta rasa hanyar komawa. Ta ce ruwan famfon garin nan warin asibiti yake yi. Tana tsoron annobar ƙwarai, sai ta ce in riƙa yi mata rubutun sha. Kowace safiya in rubuta ayoyi a allo, in wanke da ruwan rijiyar, in kai mata. Da shi take shan shayi, da shi take dama kunu. Tana kirana "Malam ɗana", in ta yi tuwo sai ta aiko mini da malmala.

Habibu karatun sinadarai yake yi, amma an rufe ɗakin gwajin makarantarsu. Wata rana ya tare ni a matakala, ya tambaye ni daga ina ruwan yake, wa ya gwada shi. Na ɗaga kofi a haske, na sunsuna, na kurɓa a gabansa. Na karanto masa abin da muka koya a zaure, cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai sauya ba.

Ya ce, "Malam, wannan hukuncin alwala ne. Ni cikin tsohuwa nake tambaya a kai."

Hajiya ta jiyo mu daga ciki, ta ce Habibu ya bar mata malaminta, boko ya sa shi zargin har ruwan Allah. Ya sunkuyar da kai, ya shige.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa alƙalin da ya yi mini shari'a daga baya ba. Ni a ɗakina ruwan famfo nake sha. Kurɓin nan na matakala shi ne na ƙarshe da na yi wa ruwan rijiyar. Ban iya cewa na sani ba, ban kuma iya cewa ban sani ba. Na dai sami hukuncin da zan fake da shi, na fake.

Bayan wasu watanni ƙafafun Hajiya suka kumbura, ta fara amai. Aka zaci annobar ce, gwaji ya nuna ba ita ba ce. Likitoci suka ce ƙodarta ce ke gazawa, suna ta tambayar abin da take ci da sha. Ni kuma sai na ƙara mata yawan rubutu, Habibu yana kai mata asibiti a gora.

Da aka buɗe makaranta, Habibu ya ɗauki gorar nan ya kai ɗakin gwaji. Ranar da ya buga mini ƙofa, sakamakon gwajin yana hannunsa. Bai zage ni ba. Ya ce akwai dafin ƙarfe a ruwan, irin wanda ido ba ya gani, kuma likitoci na son sanin tushensa.

"Malam, don girman abin da kake rubutawa a allon nan, me ke kusa da rijiyar?"

Na zauna a ƙasa. Ashe da hannuna na wanke sunan Allah da guba na miƙa wa tsohuwar da ke ciyar da ni. Na gaya masa komai.

Ni na kai jami'an muhalli har bakin ramin. Suka toshe rijiyar, suka haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji a kewaye don su ga iya inda dafin ya kai a ƙarƙashin ƙasa. Ya riga ya kai wasu rijiyoyin maƙwabta. Aka riƙa kawo wa mutanen wurin ruwa a tanka, aka kwashe ƙasar ramin da mota. Wata jami'a ta ce mini zuƙe gurɓataccen ruwan zai ɗauki shekaru. Dattijon lambun yana tsaye yana kallon yadda ake tumɓuke alayyafonsa. Ya juyo ya dube ni.

Aka kama Bos, aka kai mu kotu, aka ɗaure ni. Da na gama wa'adina aka sa ni a jirgi zuwa gida, ba digiri, ba sunan Malam. A kurkuku na tuba, ina kuma kan tuba.

Ya ku samari, ku ji tsoron ranar da za ku fara nemo wa son zuciyarku hujja a cikin karatunku. Abin da ba za ka sha a ɗakinka ba, kada ka miƙa wa wani. In aka ba ka abu aka ce zubar inda ba mai gani, ka sani a ƙasan wurin akwai mai sha.

Da na dawo Kano na nemi Habibu a waya. Ya ce Hajiya na raye, ita ma ta dawo Kano, amma sai an riƙa yi mata wankin ƙoda, kuma shi ba ya da ikon yafe abin da ba a jikinsa yake ba. Na je gidan, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Ta rame har ban gane ta ba. Ta ce ta ji roƙona, amma ba a nan za ta amsa ba. In zo gobe in raka ta asibiti.

Na zauna kusa da gadonta ina kallon jininta yana fita ta roba, ya shiga na'ura, ya komo. Duk lokacin da na sunkuyar da kai sai ta ce in ɗago in duba. Haka muka yi tun hantsi har bayan azahar. Da aka zare mata allurar ta daɗe tana numfashi, sannan ta juyo.

"Ka gani da idonka?"

Na ce na gani, Hajiya.

"To, na yafe maka, duniya da lahira. Tashi ka samo mana adaidaita, yunwa nake ji."