Tsohon da Ya Ƙi Ba da Makulli

Bara mun yi faɗa da wani tsoho a filin cocinmu na jihar Indiyana, ranar baje kolin tsofaffin motoci. Na ɗora farantin kek a kan bonet ɗin motarsa, ya daka min tsawa kamar na taka kabarin uwarsa. Na ce, "Malam, ƙarfe ne fa, ba amarya ba!"

Yau ga shi ya dawo, har yanzu ban san sunansa ba. Dogo ne, ya rame, wando na neman zamewa. Motar kuwa 'yar 1957 ce, ja wur, an ɗaura mata abin hura iska a inji, in ya taka ta sai ta kama ƙara kamar butar shayi. Sauran masu motocin a tirela suke kawo nasu, kada taya ta taɓa ƙasa. Shi tuƙo tasa yake. Ga ƙwari nan manne a gilashi, yana gogewa. Ina jin matarsa ta rasu, don kujera biyu yake buɗewa, ɗaya ba kowa.

Ɗansa ya iso da tirela, ya miƙa hannu. "Baba, kawo makullin. Likita ya ce idonka ya ja baya."

"Likitan ya taɓa ɗaure mata noti ɗaya?" Ya damƙe makullin a aljihu.

Na matso na ce, "Kai tsoho mai baƙin hali, in ka bari suka ɗora ta a tirela yau, gobe kai za su ɗora. Tayar da ita!"