Dokin da Kawu Bai Ɗaura wa Sirdi Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Satumba, da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, Kawu ya shiga mashigin kogi a kan doki domin ya gwada zurfin ruwa kafin sauran ayari su bi. Da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin da shida ruwa ya rufe shi. Mun same shi ƙarfe uku saura kwata, a jikin wata bishiya da ta faɗa cikin kogin, kimanin taku ɗari biyar ƙasa da mashigin. Ina wurin, agogo yana hannuna. Allah da ya ba mu aronsa shekara sittin da uku ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu shi ne jagoran bargar da nake aiki. Barga ce da ke fita da baƙi yawon daji a kan dawaki, kwana biyu ko uku, a kafa tanti inda yamma ta yi. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, amma har mai bargar haka yake kiransa. Ni kuwa wata bakwai ke nan da gama karatun kiwon lafiyar dabbobi, wata biyar da fara aiki a ƙarƙashinsa.

Kawu, ranar da na zo da takardar shaidata a cikin leda, na san sunan kowane ƙashi da ke ƙafar doki, amma ban taɓa hawa ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Aka kawo mini doki, na zagaya ta damansa na sa ƙafa a likkafa, alhali ta hagu ake hawa. Ka dube ni ka ce, "Mai Agogo, a makarantarku ta dama ake hawa?" Sunan ya bi ni tun daga ranar, saboda yawan duba lokaci da nake yi. Amma a gaban mutane ba ka ƙara tada zancen ba. Mako uku kana kirana bayan ɗakin ciyawa da sassafe, kafin ma'aikata su iso, kana riƙe da ragama kana zagayawa da ni. Sau biyar na faɗi. Duk faɗuwar da na yi sai ka tambayi dokin ko ya ji ciwo, sannan ka miƙo mini hannu.

A zango ba ka yarda a ɗora tukunya sai an sauke sirdi, an goge bayan kowane doki, an shayar da su. Mai dafa mana abinci, wanda muke ce wa Kuku, yakan yi ƙorafi ya ce, "Kawu, baƙi fa cikinsu na kuka." Kai kuma ka ce, "Su suka ɗauko dawakin, ko dawakin suka ɗauko su?" A wata tafiya, wani baƙo mai jiki ya saɓule a cinya har ya kasa zama a sirdi, yana jin nauyin faɗa a gaban 'ya'yansa. Sai ka sauka ka ce bayanka ya riƙe, kana neman wanda zai taya ka tafiyar ƙasa. Awa huɗu kuna tafe kuna jan dawakai. Na duba bayanka da yamma a bakin tanti, lafiyarsa ƙalau.

Lokacin da na rubuta wa kowane doki kati na rataye a ƙofar ɗakinsa, da abincinsa da maganinsa da kayan da ake ɗaura masa, ma'aikata sun yi mini dariya, suka ce saura in yi wa dawakin rajistar makaranta. Kai da ba ka iya karatu ba, ka sa na karanta maka katunan ɗaya bayan ɗaya, ka gyara mini biyu, sannan ka ce musu, "Abin da ke kaina da ni zai tafi. Na Mai Agogo yana jikin ƙofa. Kowa ya bi kati."

Dole in yi bayanin wani abu a nan domin wanda ba mahayi ba. Akwai dokin da ke da halin wurga kai sama, har ya fasa wa mahayi hanci. Irin wannan akan sa masa madaurin haɓa: fata ce da ke tashi daga ƙarƙashin haɓarsa, ta bi tsakanin ƙafafunsa na gaba ta kama majayin sirdi, ta hana shi ɗaga kai sosai. A tudu ba ta da illa. A ruwa mai zurfi kuwa, doki da ɗaga hanci yake numfashi, idan haɓarsa a ɗaure take sai ya nitse. Saboda haka Kawu yana da ƙa'ida a bakin kowane ruwa: kowa ya sauka, shi kuma ya bi layi da ƙafa, ya sa hannu ƙarƙashin wuyan kowane doki, ya kwance madauri da kansa. Doki ɗaya ne ba ya dubawa, wanda yake kai. Shi ke ɗaura wa dokinsa sirdi, ba ya bari kowa ya taɓa, kuma bai taɓa sa wa abin hawansa madauri ba.

Mun fita ranar Litinin da baƙi takwas da dawaki sha huɗu. Safiyar Talata a zango, na ga goɗiyarka Tsohuwa tana ɗingishi da ƙafar hagu ta gaba. Kofaton da zafi. Na ce ba za a hau ta ba, ba ka yi mini musu ba. Ka zauna a kan bokiti, ka ɗora ƙafarta a cinyarka kana ciro tsakuwar da ta shige, ba tare da ka ɗago ba ka ce, "Ɗaura wa Bidi sirdi, shi zan hau." Bidi shi ne dokin da muke tafiya da shi ba mahayi saboda irin wannan rana. Kuku ya ajiye butar shayi ya ce, "To, yau Mai Agogo ya samu ƙarin girma. A kawo masa kujera." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na bi komai a hankali don kada in yi kuskure. Na tuna katin Bidi layi bayan layi, kuma layi na huɗu ya ce a sa masa madaurin haɓa. Da ƙarfe bakwai da minti goma na sa masa.

A bakin kogi kowa ya sauka. Ka bar Bidi a gaba, ka bi layi, ka duba dawaki sha uku, ka kwance madauri uku. Huɗu ne. Ni ina can ƙarshen layi ina naɗe kofaton Tsohuwa da leda don kada ruwa ya shiga ciwon. Da na ɗago, har ka hau ka shiga, ruwa ya kai wa Bidi ƙirji, a nan na tuna. Na kira ka sau biyu. Kogin yana ƙara, domin an yi ruwan sama can saman kogin kwana biyu kafin nan, kuma yashin mashigin ya zaizaye ya bar rami inda a da babu.

Bidi ya taka ramin, ya yi ƙasa. Na ga kunnuwansa, na ga yana fizgar kai, hancinsa bai fito ba. Ka zame daga sirdi, ka fito da kai. Tsakaninka da inda za ka iya tsayawa da ƙafa bai fi taku shida ba, kuma ka iya iyo. Sai na ga ka zaro wuƙa daga ƙugu ka koma ƙarƙashin wuyansa. Bidi ya taso da ƙarfi yana bugun ruwa da ƙafafu, ya haye gaɓar can, guntun fata yana reto a haɓarsa. Kai ba ka taso ba. Likitan da ya duba ka ya ce akwai ruwa a huhu, akwai kuma rauni a gefen kai na dama.

Mutanen da suka zo jana'izarka sun fi ƙarfin ƙirga, na gwada na bari. Kowa yana cewa ruwa ne ya ci ka. Mai barga ya ce in rubuta rahoto in ce kogi ya cika, shi ke nan, kada in ƙara wa iyalinka ciwo. Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba. Na rubuta hakan sau uku na yaga. Kogi ya cika, gaskiya ne, amma dawaki sha ukun da haɓarsu ke sake da sun faɗa ramin nan da sun yi iyo.

A kwana na takwas na je gidanka. Na tarar da Inna, matarka, a kan tabarma, da babbar 'yarka a gefenta tana ninke kayanka. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗi komai, da lokutansa.

Inna ta ce, "Kai ka ɗaura?"

"Ni ne, Inna."

"Shi ya sa ka?"

"Sirdi ya ce in ɗaura. Madaurin ni na ƙara, don yana cikin kati."

'Yarka ta ajiye rigar da ke hannunta ta ce, "Kati. Ka zo har gida ka gaya mana Baba ya tafi a kan kati."

Inna ta ce mata ta bari. Sannan ta ce, "Shekara talatin ko ni bai taɓa bari na goge masa sirdin nan ba." Ta juyo gare ni. "Ka rubuta yadda ya faru, kada ka rage, kada ka ƙara. Ka tashi ka tafi, ɗana, yau ba ni da bakin magana. Ka dawo ranar Juma'a."

Abin da ta umarta shi na yi a nan.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya rubuta maka ladan wanda ya rasu a ruwa. Duk bayan dabbar da ka sauke wa nauyi, duk mutumin da ka rufa wa asiri, Allah ya sa su a ma'auninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka biyar da jikokinka, da Kuku wanda har yau yake zuba shayi kofi uku a zango, nasa da nawa da naka, ya mayar da ɗaya buta. Allah ya ba su haƙuri, ya tsaya musu, ya kyautata tamu idan ta zo.

Na rubuta abin da na gani. Ga abin da ban sani ba.

Ban sani ba ko ruwan ne ya fara cin ka ko kofaton Bidi ne ya fara samun kanka. Likita ya ce ba zai iya rabewa ba.

Ban sani ba ko ka ga madaurin. Mahayi irinka ba ya yin awa huɗu a kan doki bai ji an ɗaure masa haɓa ba. Ko ka gani ka ce sai bakin ruwa, sannan al'adar shekara talatin ta mantar da kai, ko kuwa ba ka duba ba ne don ka yarda da ni.

Ban sani ba ko da na ruga da gudu maimakon kira da na cim maka. Na auna nisan da ƙafata, taku saba'in ne.

Ba a ga wuƙarka ba.

Ban san wanda zai riƙa shiga ruwa a gaba ba yanzu, ko kuma ni zan iya sake ɗaura wa wani sirdi.

Ban san abin da Inna za ta ce mini ranar Juma'a ba. Zan je.