Fim ɗin da na ɓoye wa Dije

Shekara bakwai ke nan da aka kai ƙanwata Hadiza makwancinta a Belbeji. Dije muke ce mata a gida. Kowace shekara in watan ya zagayo nakan dama fura in yi mata sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana sadakar ba ta ishe ni ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Dije ma'aikaciyar jinya ce a likitar Tarka, wato asibitin garin, a ɗakin yara masu tamowa. Duk ɗan Damargu ya san tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Iyaye mata su yi ta zuwa daga ƙauye da ruga a kan amalanke, da yara a goye waɗanda ko ƙarfin kuka ba su da shi. Dije ta auna damtsen yaro, ta ɗura masa madara da cokali. Wasu su tashi, wasu a naɗe su a zane a mayar gida. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana wannan aiki.

Abin da ya riƙa haɗa ni faɗa da ita wani fim ne da aka saka mata a katin waya a Damagaram. Fim ɗin ban dariya ne na ɗaliban jami'a a ƙasar Turawa, ƙungiyar mata da ta maza suna gasar waƙa, ba ganga ba garaya, da baki kawai. Wannan ta ɗauko amo, waccan ta karɓa, wata ta cike gurbi. Dije ta ce ai lugude ne irin namu, taɓare ne kawai babu. In ta zo hutu sai ta miƙe ƙafa a kan tabarma bayan la'asar, ta kunna, ta yi ta ƙyalƙyala dariya har da hawaye. Ni kuwa malamar lakwal ce, wato makarantar boko, kuma an san ni da tsauri. Wata rana na ce mata, "Haba Dije, ke da girmanki, uwar ɗiya, ki zauna kina kallon shashanci?"

Ta ce, "Yaya, na kalle shi ya fi a ƙirga, har yau ba wanda ya mutu a ciki. Babbar masifarsu ita ce su faɗi gasar waƙa. Ki bar ni in ɗan zauna da su."

Na ja tsaki na wuce. Wallahi a lokacin ban fahimci abin da take faɗa mini ba.

Da ciwon dajin mama ya ci ƙarfinta, likitocin Damagaram suka ce a mayar da ita gida. Ɗakina muka kwantar da ita. Ba ta iya cin komai sai kunu, amma in zafi ya ɗan lafa sai ta laluba wayar ta kunna waɗancan 'yan matan. 'Yan dubiya kuwa ba su yankewa, daga dangin mijinta sai maƙwabta sai abokan aikina. Ran nan wata dattijuwa ta shigo ta tarar da ita tana dariya da wayar a hannu. Da na raka ta ƙofa ta ce mini, "Madam, mai shirin gamuwa da Allah ake bari da waƙar Turawa?" Kunya ta rufe ni. Dije na barci na zare katin, na ƙulle a bakin zanena, na bar mata karatun Alƙur'ani a wayar.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ban yi nadamar karatun ba. Ita da kanta take sa shi kowace safiya, a kwance ma ba ta bar salla ba. Wuri ya ishi karatun da fim ɗin duka biyun, ni ce na matse shi. Sau uku ta tambaye ni katin, sau uku na ce ya ɓata. A na ukun ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, Yaya," ta juya fuska bango. Kwana tara ta yi bayan nan ta cika.

Nakan tambayi kaina me Dije za ta ce da ta leƙo yau. Ɗakin tamowa na nan, har yanzu yana cika in damina ta yi nisa. Waya kuwa ta shiga kowane gida. Matan da suka zauna zaman makokinta yanzu su ne ke miƙa wa juna rawa da barkwanci a wurin suna, ba mai cewa uffan. Na san halinta, ba za ta yi gori ba. Dariya za ta yi ta ce a matsa mata ta gani.

Abin da ya rage nata ba kaɗan ba ne. Akwai samari da 'yan mata a Tarka da ke yawo da ƙafafunsu saboda cokalinta. Akwai kuma ɗiyarta Nana, wadda aka tura wajen dangin uba lokacin jinyar don kada ta ga wahalar uwarta. Yanzu tana karatun jinya a Damagaram, ta fara ganin gawa. Da ta zo hutun nan muna tsince wake, sai ta ce, "Inna, kowa cewa yake Mama mai dariya ce. A kwanakinta na ƙarshe ta yi?"

Na ce mata i, ta yi, har ranar da ta cika. Ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da tsintar wake, ni kuwa abinci ya gagare ni ranar.

Nana, na san za ki karanta wannan. Ƙarya na yi miki. Kwana tara uwarki ta yi ba ta ko murmusa ba, kuma ba ciwon ne ya hana ta ba, ni ce, don tsoron bakin mutane. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ita ba ni da halin neman gafararta yanzu, ke kaɗai kika rage mini da zan roƙa.