Jan biro a kayen Baba

Da hantsi Baba ya miƙo mini kayensa da jan biro. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a lekol, makarantar Faransanci, yanzu ni ke koya masa Ingilishi. Jikarsa ta Accra ba ta jin Hausa, shi kuma ya gaji da yi mata murmushi kawai a waya.

Darasin "a", "an" da "the" ne, fiye da rabi ya kuskure. Na ba shi sha shida bisa ashirin.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Uwata, tausayina kike ji? Ran Juma'a da yarinyar nan zan yi magana, ba da ke ba."

Na soke, na rubuta tara. Ya gyaɗa kai, ya jawo kujera.

Ku da kuka taɓa koyar da iyayenku, haka naku suke?