Fensir na Biyar

Rumfar abincina tana kallon makarantar da masu neman lasisin injiniyan lantarki suke bita, a unguwar Sampaloc ta birnin Manila. Jibi jarrabawa. Liezel, wadda ta ci bara, tana zaune a bencina tana fiƙe wa ɗalibai fensir, don mun yarda hannun wanda ya ci yana ɗauke da sa'a.

A ƙarshen layi akwai wani mutum da ban taɓa gani ba. Ya haura arba'in, furfura ta fara cin gefen kansa. Rigarsa ta sha guga, amma yatsunsa duk tabon ƙunar waya ne. Ina jin ya daɗe yana ja wa gidajen mutane wuta, wani mai lasisi yana sa hannu a kan aikinsa. Duk wanda ya zo bayansa, sai ya matsa ya ba shi wuri.

Sai da kowa ya watse ya miƙa nasa da hannu biyu.

"Na ɗanka ne, Yaya?" in ji Liezel.

"Nawa ne, Injiniya."

Ta sunkuyar da kai tana fiƙewa. "To, kana fitowa ka karya shi, don kada ka sake dawowa. Haka na yi."

"Na sani," ya ce. "Huɗu na karya."

Na ɗaga ludayi in kira shi ya ci abinci, na rasa da bakin da zan fara. Ga shi can yana tsallaka titi, tafin hannunsa dafe da aljihun da fensirin yake.