Mai Taswira a Layin Naman Daji

A kasuwar Kachia wata mata na tsugune gaban mai naman daji, takalmanta duk taɓo. Ba ta taya komai ba. Taswirar rafuka ce a cinyarta, ta zagaye kurmin da dabbobi suka rage da fensir, wataƙila don a hana sarewa. Me ya haɗa ta da wannan aiki? Ko a bakin rafi ta girma?

"Baba, mazon nan a ina aka kama shi?"

"Kurmin bayan coci, Madam. An sare wurin, citta za a shuka."

Ta juya fensirin za ta goge wurin, sai hannunta ya tsaya.

"Baba, ko bishiya ɗaya ba su bari ba?"