Injiniyan da Ya Iya Danna Uku

A ofishin, Injiniya ake ce masa, ko da yake akawu aka ɗauke shi, kuma ko ƙwan fitila bai taɓa canzawa ba.

Sunan ya samo asali ne daga kwamfutar darakta, wata tsohuwa mai ƙugi kamar injin niƙa, wadda darakta ya rantse ba mai raba shi da ita. Duk takardar da ma'aikata suka turo daga sababbin kwamfutocinsu, sai ta ƙi buɗewa. Wata rana akawu na ta lalube, hannunsa ya faɗa kan dabarar: ka buɗe fayil, ka zaɓi sake adanawa, ka zaɓi tsohon tsari. Shi ke nan.

Bai gaya wa kowa ba. In an kawo masa fayil, sai ya tamke fuska ya ce, "Kai, wannan ya yi tsauri. Dawo bayan awa biyu." Ya rufe ƙofa, ya gama a minti ɗaya, ya miƙe ƙafa ya sha shayinsa. Kullum kafin ya tashi sai ya goge tsohuwar kwamfutar, ya lulluɓe ta da tawul. Da labarin ya kai gida, matarsa ta ce, "Malam, ko ni ban samu wannan gatan ba."

Ranar da kwamfutar ta yi hayaƙi ta mutu, ya koma gida yana ganin sana'arsa ta ƙare, ya kasa cin abinci. Washegari darakta ya kira shi.

"Injiniya, za mu buɗe sashen kwamfuta. Wa ya fi ka cancanta?"

"Yallaɓai, ai ni..."

"Tawali'un nan naka ya isa haka."

Aka ba shi ofis mai labule da kujera mai juyawa. Ga shi kuma abu ɗaya tak ya iya. Sai ya mai da shi doka: kowace takarda a adana ta a tsohon tsari. Matasan ofis suka yi ta gunaguni a bayan idonsa.

Ba a yi wata ba, ƙananan rassa masu tsofaffin kwamfutoci suka fara bugo waya suna godiya: yanzu saƙon hedkwata yana buɗe musu. A taron ƙarshen shekara aka ba shi lambar yabo ta hangen nesa. Da aka miƙa masa makirufo, ya yi gyaran murya ya ce aikin ba sauƙi, amma an gode Allah.